Ƙishirwa da Abin da Take Yi wa Jiki

Ku da ke zaune a ƙasar Safana da Batsari kun san bazara. Tun daga watan Maris har ruwan farko ya sauka, rana takan ƙwalle, tafkuna su ƙafe, ga shi kuwa lokacin ne manomi ke sharar gona, makiyayi kuma yana bin shanu gefen dajin Rugu. Da yawa sukan fita da hantsi ba ko gora a hannu. In ka yi magana su ce namiji ba ya raki. To, wannan ba jaruntaka ba ce, rashin sani ne.

Likitoci sun auna, sun tarar wajen kashi uku cikin biyar na nauyin namiji baligi ruwa ne. Watau mai nauyin kilo 60 yana ɗauke da ruwa kamar lita 36 a jikinsa. Kullum kuwa yana fita, ta fitsari da gumi da numfashi. Mai aikin ƙarfi cikin rana yana iya zubad da lita guda ta gumi cikin sa'a ɗaya. In ba a mayar ba, jini ya ragu, zuciya ta shiga wahalar tura shi, ƙoda kuma ta rasa ruwan da za ta wanke dattin jiki da shi. Wanda ya saba zama da ƙishirwa yana jawo wa ƙodarsa tsakuwa.

Kada ka jira sai maƙogwaro ya bushe. Dubi fitsarinka. In ya yi kaɗan, ya yi ja kamar shayi, jiki na neman ruwa ke nan. Daga nan sai ciwon kai, da jiri, da kasala. In kuwa mutum ya fara sambatu cikin rana, jikinsa ya yi zafi zau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi masa fifita, a nemi asibiti da hanzari. Amma kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa, gama zai shaƙe. Mai azumi cikin bazara shi kuma ya riƙa sha kaɗan-kaɗan tun daga buɗa baki har sahur, ya yi aikinsa mai nauyi da sassafe.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne amai da gudawa, tun ba ga yara ba. Jariri idanunsa su zurma, maɗigarsa ta faɗa, uwa ta ce ciwon ka ne, a tafi neman abin shafawa. Alhali ruwan jikinsa ne ya tsiyaye. Waɗansu ma sukan hana mai gudawa sha, wai don ta tsaya. Ta haka ake rasa 'ya'ya.

Maganin yana cikin gidanka. Ka sami ruwa mai tsabta lita guda, watau cikin leda biyu na ruwan da ake sayarwa, ko wanda aka tafasa ya huce. Ka zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin cokali, ka dama. Kada gishirin ya wuce haka. Sukarin shi ke jan gishiri ya ratsa hanji ya shiga jini, ruwa kuma ya bi su. A 1971, da kwalara ta faɗa wa 'yan gudun hijira a ƙasar Indiya, wani likita, Dilip Mahalanabis, ya rasa isasshen ruwan allura, sai ya shayad da su irin wannan. Dā wajen 30 cikin 100 na masu cutar ke mutuwa, sai suka koma ƙasa da 4.

A riƙa ba maras lafiya da cokali, kurɓi-kurɓi. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba, uwa kuma kada ta janye nono. In ya kasa sha, ko aka ga jini a bayan gidansa, kada a kwana ba a kai shi asibiti ba.