Me ya sa PostgreSQL bai san UNSIGNED ba?

 Yau tambayar wani ɗan'uwa za mu taɓa. Ya saba da MySQL, ya koma PostgreSQL, ya rubuta INT UNSIGNED, sai rumbun bayanan ya ce shi bai san zancen ba.

To, bari mu faro daga tushe. INT wuri ne mai bit 32. Idan lamba za ta iya sauka ƙasa da sifili, sai a raba wurin biyu, daga -2,147,483,648 zuwa 2,147,483,647. Shi kuwa UNSIGNED ba ruwansa da ƙasa da sifili, yana ba ka daga 0 zuwa 4,294,967,295. Ninki biyu ke nan kawai.

MySQL da MariaDB suna da shi. PostgreSQL babu, kuma ita kanta ƙa'idar SQL ba ta tanade shi ba. Mai matsananciyar buƙata yana iya saka ƙarin nan pguint na Peter Eisentraut.

Ni dai na daina kewarsa tun ranar da ya kunyata ni. Na yi wa wani mai shago manhajar lissafin kaya da MySQL. A rubuce katan 3 suka shigo, amma an sayar da 5, don yaron shago bai shigar da sabon kaya ba. Uku a debe biyar, saura -2. To a MySQL, idan ɗaya daga cikin lambobin UNSIGNED ce, amsar ma UNSIGNED ake ɗaukarta, sai ya ƙi, ya watso kuskure. Rahoton ƙarshen wata ya tsaya cak, Alhaji yana tsaye a kaina. Wallahi gumi na yi! Alhali -2 ɗin nan ita ce za ta nuna mana inda matsalar take.

In kuma wuri kake nema, ka tuna YouTube. A 2014 masu kallon Gangnam Style suka haura 2,147,483,647, kamfanin ya sanar cewa ya mayar da ma'auninsa bit 64.

Abin da nake yi yanzu: BIGINT, wanda ke kaiwa 9,223,372,036,854,775,807, sannan in ɗora CHECK da zai hana adadi sauka ƙasa da sifili a inda ya dace. Kuma ku yi shi tun teburin yana ƙarami, domin sauya INT zuwa BIGINT a PostgreSQL yana sake rubuta teburin gaba ɗaya, yana kulle shi har ya gama.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.