Tsohonku Mai Ciwon Zuciya Ya Fara Ruɗewa? Ku Kai Shi Asibiti Yau

Kuna da tsoho ko tsohuwa mai ciwon zuciya a gida? Yana shan maganin sa fitsari? To ku dube shi da kyau. Barci ya yi masa yawa kwanan nan? Ana yi masa magana yana amsa wata daban? Yana tangaɗi in ya tashi zuwa banɗaki? Yana kukan ciwon kai da tashin zuciya, abinci ya fita ransa?

Kada ku ce gigin tsufa ne. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, shekara da shekaru. Baban da ya yi hira da ku garau ranar Juma'a, ya wayi gari Litinin bai san ɗakinsa ba, ciwo ne ya same shi. Cikin abubuwan da likita zai fara nema akwai ƙarancin gishirin jini, wato sinadarin sodiyam.

A jinin mai lafiya, awon sodiyam yana tsakanin 135 da 145. In ya sauka ƙasa da 135, ya yi kaɗan. In ya gangara ƙasa da 120, rai yana cikin haɗari. Ruwa ne ke ratsawa cikin ƙwaƙwalwa ta kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba ta wuri. Sai amai. Sai jijjiga. Sai doguwar suma. Wani daga nan ba ya farkawa. Tun kafin a kai can ma, faɗuwa ɗaya a banɗaki ta isa ta karya ƙugun tsoho.

Me ya haɗa wannan da zuciya? Zuciyar da ta gaza ba ta tura jini yadda ya kamata. Sai jiki ya ɗauka ruwa ne ya yi masa kaɗan, ya sa ƙoda ta riƙe ruwa. Ruwan ya taru, ƙafafu su kumbura, huhu ya cika. Kamar miyar da aka cika wa ruwa ne: gishirin yana nan, ruwan ne ya rinjaye shi. Ga kuma magungunan sa fitsari, irin su Moduretic da Lasix, suna fitar da gishiri tare da fitsarin. Idan gudawa ko amai suka haɗu da zafin bazara, tsoho bai ci komai ba sai ruwa yake ta sha, awon yana iya faɗuwa cikin 'yan kwanaki.

Nan ne nake jin tsoro ƙwarai. Da an ji “gishiri ya yi kaɗan”, sai wani ya ce a ƙara wa Inna gishiri a miya, ko a dama mata kunun kanwa. Don Allah kada ku yi. Kanwa ma sodiyam gare ta, haka dunƙulen miya. Mai gazawar zuciya in ya ci gishiri da yawa, jikinsa ƙara riƙe ruwa yake yi. Kumburi ya ƙaru, numfashi ya gagara. Kada kuma ku yi ta ɗura mata ruwa. Kada ku kira mai kemis ya sa mata ƙarin ruwa a gida. Kada ku tsayar da maganin zuciyarta da kanku, kada ku ninka shi. Kada ku ba ta maganin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, suna ƙara riƙe ruwa, suna wahalar da ƙoda.

Me za ku yi? Ku ɗauki tsohon zuwa asibiti mai ɗakin gwaji. Ku kwashe duk magungunansa a leda ku tafi da su, har na gargajiya. Ku gaya wa likita ranar da ya fara canzawa. Ku roƙi a yi gwajin gishirin jini da na ƙoda. Ido ba ya ganin wannan ciwo, awon hawan jini ba ya nuna shi. Sai an ɗebi jini.

Kuna tsammanin iska ce ta taɓa shi? Ku yi masa addu'a a cikin mota, kuna kan hanya. Ko ba sodiyam ba ne, shanyewar ɓarin jiki da faɗuwar sukari su ma haka suke farawa, kuma babu wanda ke jira a cikinsu.

In an kwantar da shi, ku yi haƙuri da likitoci. Sannu a hankali ake ɗaga sodiyam, yawanci ba a wuce maki 8 zuwa 10 a awa 24, domin ɗaga shi da gaggawa yana iya lalata ƙwaƙwalwa. Za a iya rage masa ruwan sha. Kada ku ba shi a ɓoye don tausayi.

Yana haki in ya kwanta, sai an jingina shi da matasai? Ya yi jijjiga? Kun tashe shi ya kasa farkawa sosai? Kada ku jira gari ya waye. Kada ku jira Yaya ya dawo daga tafiya. Ku nemi mota yanzu.