Zari-ruga na 'yan bakwai-bakwai: Gasar da ta sa duniya ta san Fiji

A ranar 11 ga Agustan 2016, a filin wasa na Deodoro da ke birnin Rio na Barazil, Fiji ta lallasa Birtaniya da maki 43 da 7 a wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta 'yan bakwai-bakwai. Kafin wannan rana ƙasar, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, ba ta taɓa cin lambar yabo ko ɗaya a gasar Olamfik ba. Gwamnatin Firaminista Frank Bainimarama ta ba da hutun aiki na ƙasa baki ɗaya, sannan a 2017 babban bankin ƙasar ya buga takardar kuɗi ta dala bakwai domin tunawa da nasarar.

Asalin wasan

Talauci ne ya haifi wannan nau'in wasa. A 1883 kulob ɗin garin Melrose na Scotland ya shiga matsin kuɗi, sai wani mahauci mai suna Ned Haig ya kawo shawarar a rage 'yan wasa daga 15 zuwa bakwai, a kuma taƙaita lokaci, yadda za a yi gasa guda cikin yini ɗaya a tara kuɗin shiga.

Har yau filin bai ragu ba, mutanen ne suka ragu. Akan buga minti bakwai, a ɗan huta, a sake buga bakwai. Wanda ya dangwarar da ƙwallo a bayan layin abokan hamayya ya ci maki biyar, bugun da ke biyo baya kuma maki biyu. Da yake fili ya yi yawa, gudu da juriya da iya miƙa ƙwallo sun fi girman jiki amfani, kuskure ɗaya kuwa kan iya kashe wasa. Gasar Hong Kong da aka fara a 1976 ce ta yayata wasan a duniya, kafin kwamitin Olamfik ya amince da shi a 2009.

Baiwa da tsari

Baiwa ba ta taɓa yi wa Fiji ƙaranci ba, domin yara a ƙauyuka kan yi wasan ko da da kwalbar roba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsari. Lokacin da Ben Ryan, ɗan Ingila, ya karɓi horar da tawagar a 2013, hukumar wasan na fama da rashin kuɗi, har ya yi watanninsa na farko ba albashi. Ya gyara abincin 'yan wasa da atisaye da ladabi, ya kuma dogara da kyaftin Osea Kolinisau. Ginin ya ɗore bayan tafiyarsa: Fiji ta doke New Zealand da maki 27 da 12 a Tokyo a 2021, mata kuma suka ci tagulla. Sai a wasan ƙarshe na Paris a 2024 aka fara doke mazan Fiji a Olamfik, inda Faransa ta Antoine Dupont ta yi nasara da 28 da 7.

Darasi daga Kenya

Kenya ta nuna ɗaya fuskar lamarin. A Afrilun 2016 ta doke wannan Fiji da maki 30 da 7 a wasan ƙarshe na gasar Singapore, ƙarƙashin koci Benjamin Ayimba. Amma rigingimun albashi da janyewar masu ɗaukar nauyi suka yi ta cin tawagar, har ta faɗo daga rukunin manya a 2023, kafin ta koma a 2024.

Wannan ya shafi masu tsara kasafin wasanni a Abuja. Najeriya ta dawo daga Paris hannu rabbana, alhali Fiji ta koma gida da azurfa, Afirka ta Kudu kuma da tagulla a wasan nan. Tawagar Olamfik 'yan wasa 12 kawai take buƙata, ana kuma iya atisaye a filin ƙwallon ƙafa. Abin da ba ya samuwa da sauƙi shi ne albashi a kan kari, da koci mai wa'adi tabbatacce, da shirin da zai wuce shekarar gasa.