Hannun Mai Girki Ne Ke Rage Hayaƙi

Idan kin sauke tukunyar yau, ki ɗaga kai ki dubi rufin madafarki. Kin ga baƙar kunkunniyar da ta manne a jinka? Hayaƙin da ya shafa wannan baƙi shi kike shaƙa safe da yamma, ke da yaron da ke goye a bayanki.

Tun lokacin da kakanninmu suka sauka a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno da sauran ƙauyuka, a kan duwatsu uku muke girki. A wancan zamani daji yana bayan gida. Yanzu itace ya yi nisa, ya yi tsada. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, gas ya yi wuyar samu, har gidajen da suka daɗe da barin itace a Sinja da Sannar da ƙasar Jazira suka koma masa. Saboda haka ya kamata mu san yadda za mu yi amfani da shi ba tare da ya cuce mu ba.

Mene ne hayaƙi?

Hayaƙi itace ne wanda bai gama ƙonewa ba. Wuta tana bukatar abu uku: busasshen makamashi, isasshiyar iska, da zafi. In ɗaya ya yi ƙaranci, sai itacen ya riƙa turnuƙewa maimakon ya ci. Ashe duk hayaƙin da kika ga yana tashi, kuɗinki ne da wahalarki suke bin iska. A murhun duwatsu uku da aka yi wa sakaci, abin da ke isa cikin tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ba. Sauran duk asara ce.

Asarar ba ta tsaya ga itace ba. A cikin hayaƙi akwai ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani. Suna wuce hanci da maƙogwaro, su sauka can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2, a cikinsu akwai yara fiye da 237,000 da ba su kai shekara 5 ba. Yana jawo ciwon huhu ga yara. Ga manya yana kawo tari mai daɗewa, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da yanar ido. Mai ciki da ke yawan shaƙar hayaƙi kan haifi jariri marar nauyi.

Sabon murhu kaɗai bai isa ba

Wataƙila kin ji labarin murhu mai tsimin itace. A Darfur mata sun koyi gina murhun laka da ake kwaɓawa da kashin jaki. Akwai kuma murhun ƙarfe da masana daga Berkeley ta ƙasar Amurka suka fara tsarawa a 2005, bayan sun zauna da matan sansanonin gudun hijira sun ga yadda ake tuƙa asida da irin iskar da ke kaɗawa a can. In an yi amfani da shi yadda ya dace, yana rage cin itace da wajen rabi.

Amma ga wani darasi daga jihar Odisha ta ƙasar Indiya. An gina wa mutane sababbin murhuna masu bututun fitar da hayaƙi, masu bincike kuma suka bi gidaje fiye da 2,000 har shekara 4. A shekarar farko hayaƙin da masu girki ke shaƙa ya ragu. Daga baya sai amfanin ya ɓace. Dalili kuwa, murhu ya tsage ba a liƙe ba, bututu ya toshe ba a share ba, gidaje da yawa kuma sun ci gaba da girki a tsohon murhunsu.

Kin sha ganin irin wannan a unguwarku. Maƙwabta biyu, murhu iri ɗaya, kisra iri ɗaya, amma ɗaurin itacen wannan ya ƙare na waccan yana nan. Bambancin yana hannun mai girki.

Ki fara da itacen

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Kafin ya ba ki zafi, sai wuta ta gama ƙonar da wannan ruwan, shi ya sa yake tsiyaya a gindi yana fitar da farin hayaƙi mai yaji. Ko bagaruwa ce, wadda ake kira sunut, ko talha, a faskara ta, a jera a inda rana da iska ke samunta. Kada a ajiye a ƙasa tsirara. A ɗora a kan duwatsu ko wasu itatuwa. Kafin damina ta sauka a watan Yuni, a tanadi na ajiya a ƙarƙashin rumfa. In kin buga busassun itatuwa biyu za ki ji ƙara ƙwal-ƙwal. Ɗanye kuwa ƙararsa a dushe take. Na gobe ki jingina shi kusa da murhu yau, ɗumi ya ƙarasa busar da shi, amma ba inda wuta za ta kama shi ba.

Siraran faskare, kamar kaurin yatsu biyu ko uku, sun fi gungume ci da kyau. Karan dawa, karan auduga da kashin shanu sun fi itace hayaƙi. In babu makawa sai da su, to su bushe ƙayau, kuma a yi girkin a waje.

Hura wuta da iza ta

Hayaƙi ya fi yawa a lokaci uku: sa'ad da ake hura wuta, sa'ad da aka ƙara itace, da sa'ad da wuta ta mutu tana turnuƙe.

Ki hura da busasshiyar ciyawa da ƙirare. Kada ki taɓa hurawa da leda, roba ko tsohon takalmi. Hayaƙinsu guba ne, kuma yana shiga abinci. Ki kwashe tokar jiya kafin ki fara, domin toka tana toshe hanyar iska.

Kada ki cika murhu da itace. Guda biyu ko uku sun isa. Ki bar 'yar tazara a tsakaninsu, ki riƙa tura su kaɗan-kaɗan, bakinsu kawai yana ci. In kin tura da yawa lokaci ɗaya, iska ba ta wadatar da su, sai baƙin hayaƙi ya tashi. Harshen wutar da ya zarce gefen tukunya yana lasar sama ba girki yake yi ba.

Tukunya da murfi

Tukunya ta zauna inda harshen wuta zai taɓa gindinta. In ta yi sama da yawa zafi ya watse. In ta danne wutar, sai ta shaƙe ta. A murhun laka ko na ƙarfe, tazarar da ke tsakanin tukunya da bangon murhu ta zama kamar faɗin ɗan yatsa, don zafi ya bi jikin tukunya ya hau. Ƙaramar tukunya a babban murhu ɓarnar itace ce.

Ki rufe tukunya. In ruwa ya tafasa, zafinsa ba ya ƙaruwa ko da kin ninka wutar. Saboda haka da zarar miya ta tafasa, ki zare itace ɗaya, ki bar ta ta dahu a hankali. Wake da ful a jiƙa su tun dare. A jajjaga kayan miya, a tankaɗe gari, a dama ƙullun kisra kafin a hura wuta, kada ta yi ta ci kina daka. In kin sauke tuwo, ki ɗora ruwan zafi a kan garwashin da ya rage.

Iskar hunturu tana kwashe zafi daga gindin tukunya. Ki tare ta da ɗan bango na laka tsakanin duwatsun, ki bar ƙofa ɗaya ta saka itace. In murhun laka ya tsage, a liƙe shi a ranar, kafin tsagar ta buɗe.

In kin gama, ki zare bakin wutar ki turbuɗe shi a yashi. Garwashi a zuba a gwangwani mai murfi. Gobe kin sami gawayi.

Inda ake girki

Girki a rumfa ko a tsakar gida ya fi girki a rufaffen ɗaki. In a ɗaki kike yi, a buɗe ƙofa, a huda taga a saman bango daura da ita, domin hayaƙi sama yake tashi. Ki zauna ta gefen da iska ke fitowa. Jariri kuwa a sauke shi daga goyo, a ba yayarsa ko kakarsa a inuwa, nesa da murhu. Yaro ya fi babba saurin numfashi, huhunsa kuma bai gama ƙwari ba.

A yi hattara da kanun na gawayi a lokacin sanyi. Gawayi yana fitar da wata iskar guba, kabon monoksayid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kashe mutum cikin barci. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. In 'yan ɗaki suka fara ciwon kai, jiri ko amai lokaci ɗaya, a fitar da kowa waje nan take, a garzaya asibiti.

Maigida, kai ma da naka

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Faskare, kafa rumfar itace, huda taga da kwaɓa laka, duk ayyukanka ne. In ka je sayen itace, kada arahar ɗanye ta ruɗe ka, ruwa kake saya. Kuɗin da ka yi tsimi a kasuwa zai iya tafiya wajen magani.

Yaushe za a kawo yaro asibiti?

In yaro yana tari, a jira ya natsu, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Numfashi ya yi sauri in ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. A kawo shi a ranar. In ƙasan ƙirjinsa yana faɗawa ciki sa'ad da yake jan numfashi, ko ya ƙi nono, ko ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa da sauƙi, ko dare ne kada a jira gari ya waye. Babba kuma in tarinsa ya wuce mako 2, ya zo a gwada majinarsa saboda tarin fuka.

Ki gwada da kanki

Wannan makon ki yi girki yadda kika saba, ki ƙirga faskaren da kike ƙonawa kowace rana. Mako mai zuwa ki yi da busasshen itace, guda uku a murhu, tukunya a rufe, ki rage wuta bayan tafasa. Ki sake ƙirgawa, ki kuma lura da idonki da tarin yaranki. Abin da kika gani ki faɗa wa kishiyarki da maƙwabciyarki, ki koya wa 'yarki tun tana iza miki wuta. Rigakafi ya fi magani.