Idan Jini Ya Ƙi Tsayawa: Kunya Ba Magani Ba Ce

Yau na zo muku da maganar da ba mu cika son furtawa ba ko a gaban iyayenmu mata, wato maganar jini mai wuyar tsayawa. Hausawa na cewa mai ɓoye ciwonsa shi ke rasa magani.

Allah ya sanya wasu sinadarai a jinin ɗan Adam waɗanda ke daskarar da shi in an ji rauni. In ɗaya ya yi ƙaranci, sai jini ya yi ta zuba. Ciwon himofiliya kan zo ne daga ƙarancin sinadari na 8 ko na 9, kuma ya fi kama maza. Gado ne, ba maita ba, ba sammu ba, ba kuwa shafar aljanu ba. In uwa na ɗauke da shi, kowane ɗa namiji da ta haifa na iya gada ko ya tsira, rabi da rabi. In kuwa uba ne ke da shi, duk 'ya'yansa mata za su ɗauka. To kin ga ba laifin kowa ba ne, balle a ce za a saki mace a kansa.

Akwai kuma wanda ya fi shafar mu, ciwon Von Willebrand. Sunan wani likita ne ɗan ƙasar Finlan da ya bayyana shi a 1926, bayan ya duba wata yarinya. Daga baya yarinyar nan ta rasu a jinin al'adarta na huɗu. Wallahi duk sanda na tuna da wannan sai jikina ya yi sanyi.

Don haka ki lura da kanki. Al'adarki na wuce kwana 7? Kina canza audugar mata duk bayan awa ɗaya ko biyu? Kina ganin manyan gudaji, ga jiri, ga haki? Kina yawan haɓo, ko dasashinki na jini, ko fatarki na yin tabo ba ki bugu ba? Da yawanmu mukan je mu tambayi malam hukuncin salla, amma ba ma zuwa wurin likita. Ki yi duka biyun, 'yar uwa.

Ina za a dosa? Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sashen likitocin jini, can ake gwaji a gane irin ciwon. Akwai Gidauniyar Himofiliya ta Nijeriya da aka kafa a 2005 a Kaduna, tana haɗa iyalai da likitoci. Tarayyar Himofiliya ta Duniya, wadda aka kafa a 1963, takan aiko wa ƙasashe irin namu allurar sinadarin kyauta. Ranar 17 ga Afrilu kuwa ita ce ranar masu wannan ciwo a duniya.

Ga 'yan shawarwarina. Kada ki sha asfirin ko ibufurofen in kina da wannan matsala, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya fi. Akwai ƙwayoyin rage jinin al'ada da na ƙarin jini, amma likita ne zai rubuta miki. In a danginku an taɓa samun yaron da jininsa ya ƙi tsayawa, to kada a kai ƙaninki wa wanzami don kaciya, ko cire hakin wuya, ko ƙaho, sai an gwada shi. Kafin cire haƙori, ko tiyata, ko haihuwa, ki faɗa wa ma'aikatan asibiti.

Sai batun aure. In kin san kina da shi, ki sanar da manemi tun kafin a sa rana, ku je wurin likita tare kamar yadda ake zuwa gwajin sikila. Mai sonki da gaskiya ba zai gudu ba. Masu wannan ciwo na karatu, suna aure, suna haihuwa.

Ki karanta wa Umma wannan shafi. Allah ya ba mu lafiya, amin.