Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar ɓera idan ya ga sabon wuri

Ka tuna abin da ka ci ranar Talatar makon jiya? Da wuya. Amma ranar da aka fara kai ka makarantar kwana, har launin rigar da ka sa kana iya faɗa. Wani ɓangare na dalilin hakan daga binciken ɓeraye aka gano shi.

A cikin ƙwaƙwalwar mutum da ta ɓera akwai wani sashe da ake kira hifokamfas, wanda ke taimakawa wajen adana abubuwan da suka faru da wuraren da aka je. A 1971, John O'Keefe na jami'ar UCL da ke Landan ya gano cewa wasu ƙwayoyin jijiya a wannan sashe ba sa motsawa sai ɓera ya taka wani takamaiman wuri, kamar kowace ƙwaya na gadin lungunta. Aikin ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2014.

Idan aka saka ɓera a sabon ɗaki, ƙwayoyin sukan sake rabon lunguna, su zana sabuwar taswira cikin 'yan mintoci.

Sai dai abin da ya fi jan hankali shi ne gwajin da tawagar Richard Morris ta jami'ar Edinburgh ta wallafa a mujallar Nature a 2016. Sun nuna wa ɓeraye ramin yashin da aka ɓoye abinci. Bayan awa ɗaya suna tuna wurin, amma washegari sun manta.

Wasu daga cikinsu kuwa, rabin awa bayan darasin, an sake su na minti biyar kacal a cikin wani akwati mai daɓen da ba su taɓa takawa ba. Babu abinci a ciki, babu wata alaƙa da ramin. Duk da haka, washegari waɗannan ɓerayen sun tuna inda abincin yake.

Masanan sun bi sawu har zuwa wani ɗan curin ƙwayoyi a gindin ƙwaƙwalwa mai suna locus coeruleus. Sabon abu na zaburar da shi, shi kuma ya aika saƙo zuwa hifokamfas ta hanyar sinadarin dofamin. Da suka toshe hanyar dofamin ɗin, amfanin sabon akwatin ya ɓace. Da suka kunna ƙwayoyin da haske, ɓerayen sun tuna ko da ba su ga wani sabon abu ba.

To, ɓera ba ɗalibi ba ne, bai kamata a yi saurin ɗora sakamakon kan mutane ba. Amma a Ajantina an gwada irin wannan a makarantun firamare: yaran da aka yi wa darasin kimiyya na ba-zata awa ɗaya kafin a karanta musu labari, ko awa ɗaya bayansa, sun fi takwarorinsu tuna labarin washegari.