Koyon Turancin Kotu Daga Labaran Afuwar Shugaban Ƙasa

Labaran afuwar shugaban ƙasa suna cikin hanyoyin da mai koyon Turanci zai tara kalmomi masu amfani ba tare da ya sayi littafi ba. Dalili kuwa shi ne kalmomin ba su da yawa, kullum su ake maimaitawa, kuma labarin yakan iso wa Bahaushe da harshensa kafin ya gan shi da Turanci. Mazaunin Birnin Zariya da ya ji batun a Rediyon Tarayya na Kaduna ko BBC Hausa da safe, ya riga ya san wa aka yi wa afuwa da laifin da ya aikata. Idan ya buɗe Daily Trust a wayarsa, abin da ya rage masa kawai shi ne ya ga yadda Bature ya faɗi abin da ya riga ya sani. Kamfanin da ke buga Daily Trust shi ke buga Aminiya, don haka sau da yawa akan samu labari ɗaya da harsunan biyu.

Zariya tana da daɗaɗɗiyar alaƙa da wannan fage. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello tana Kongo, bayan ganuwa kaɗan. Hausar gari ma cike take da kalmomin da ta aro daga kotun Turawa: lauya, beli, sammaci, joji, fursuna, caji ofis. Mai koyo ba daga kan fako zai fara ba.

Tushen maganar yana cikin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa ikon yin afuwa ko sassauta hukunci bayan ya shawarci Majalisar Magabata, kuma jaridu na kiran wannan iko prerogative of mercy. Ikon ya tsaya ne a kan laifuffukan da dokokin tarayya suka tanada. Wanda aka ɗaure bisa dokar jiha, sashe na 212 ya bar al'amarinsa a hannun gwamna. Saboda haka fursunan da aka yanke wa hukunci a Zariya bisa dokar Jihar Kaduna, gwamnan jihar ne zai iya yafe masa.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne Hausa takan ce afuwa a wuraren da Turanci ya raba gida uku ko huɗu. Pardon ita ce yafe wa mutum laifin da ya aikata, kamar yadda Shugaba Shehu Shagari ya yi wa Odumegwu Ojukwu a 1982, ya dawo gida daga gudun hijira. Commute kuwa rage nauyin hukunci ne, a mayar da na kisa ya koma ɗaurin rai da rai, ko a rage shekaru. Mutum yana nan a tsare. Amnesty ta jama'a ce gaba ɗaya, irin wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009 bisa sharaɗin su ajiye makamai. Clemency ita ce inuwar da ta rufe dukkansu, wato jinƙai. Akwai kuma posthumous pardon, afuwar da ake yi wa mamaci don wanke sunansa. A 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya yi wa marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa irinta, a zaman da ya yafe wa tsohon gwamnan Bayelsa, Diepreye Alamieyeseigha. A Oktoban 2025 Shugaba Bola Tinubu ya yi irinta ga Herbert Macaulay da Manjo Janar Mamman Vatsa, wanda aka zartar wa hukuncin kisa a 1986.

Bambancin nan ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Iyalin da suka ji an ce commuted suka ɗauka an sako ɗansu, za su yi murna a banza.

Hanyar da ta fi kama hankali ita ce a bi shari'a ɗaya daga farkonta har ƙarshe, domin kalmomin sukan zo a jere kamar matakalar bene. Shari'ar tsohon gwamnan Taraba, Jolly Nyame, misali ce mai kyau. Hukumar EFCC ta gurfanar da shi, jarida ta ce arraigned. A 2018 kotu ta same shi da laifi, convicted, ta yanke masa shekara 14, sentenced. Ya ɗaukaka ƙara, appealed, aka rage ɗaurin zuwa shekara 12. A 2020 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin, upheld. A Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi masa afuwa tare da tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, pardoned, sannan a watan Agusta aka sake su daga gidan yarin Kuje, released. Wanda ya rubuta waɗannan kalmomin a littafinsa bisa jerin faruwarsu, kowace da cikakkiyar jumlar da ta fito a ciki, ya fi wanda ya haddace su daga ƙamus riƙe su, don kowace kalma ta maƙale da abin da ya auku.

Wasu kalmomin suna da fuska biyu. Ɗalibin Kwalejin Alhudahuda ya san sentence a darasin nahawu da ma'anar jumla, amma a kotu hukunci ce. Charge da kowa ya sani a cajin waya, a gaban alƙali tuhuma ce. Commute a Turancin yau da kullum zirga-zirga ce tsakanin gida da wurin aiki. Ƙamus yakan jera ma'anonin duka, labarin ne ke nuna wadda ake nufi.

Kalmomin da suka fi cancantar a kula da su, su ne masu kare mutuncin wanda ba a tabbatar wa laifi ba. Suspect wanda ake zargi ne, defendant wanda ake tuhuma a kotu, convict kuwa wanda aka samu da laifi. Alleged na nufin zargi ne kawai. Mutane da dama sukan tsallake wannan ƙaramar kalma, su yaɗa a majalisa cewa wane ɓarawo ne alhali kotu ba ta ce komai ba, kuma wannan zalunci ne. Haka nan remanded tsarewa ce kafin a gama shari'a, kuma akasarin mazauna gidajen gyaran hali na Najeriya, sunan da dokar 2019 ta ba gidajen yari, masu jiran shari'a ne, awaiting trial. Discharged sallama ce da za a iya sake gurfanar da mutum bayanta, amma discharged and acquitted na nufin an sallame shi an kuma wanke shi, ba za a sake tuhumarsa da wannan laifin ba.

Masu karatun zaure a cikin birni sun san afuwa ta wata fuska. A fiƙihu, magadan wanda aka kashe su ke da haƙƙin yafe ƙisasi ko karɓar diyya. A tsarin mulki kuwa shugaba ne ke yafewa ko da waɗanda aka cuta ba su yarda ba. Daga wannan saɓani ne ƙorafin jama'a yakan taso, kamar wanda ya biyo bayan jerin sunayen waɗanda Tinubu ya yi wa afuwa a 2025 har gwamnati ta sake duba shi ta cire wasu. Rahotannin da suka biyo baya sun ƙara wa mai koyo kalmomi uku: outcry, wato kokawar jama'a, review, sake dubawa, da revoke, soke abin da aka riga aka bayar.